Kaset Mai Ɗigo Uku

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Iya, Hausa ta fita daga bakinta. Fiye da shekara talatin tana zaune a Gwiwa, da Hausa take ciniki, da ita take yi mini faɗa, amma da ta farfaɗo a asibiti ba abin da ya rage mata sai Barbarci, harshen da ta tashi da shi. Ko an yi mata Hausar ma kallon mutum kawai take yi. Ni kuwa Barbarcina bai wuce gaisuwa ba. Dole muka aika Achilafiya aka ɗauko Gwaggo Fatu, ƙanwar mahaifina, ta zo ta zauna da mu don ta riƙa faɗa mini abin da uwata take cewa.

A sati na uku Iya ta daina cin abinci. In na kawo kunu sai ta kau da kai, ta yi ta maimaita magana guda. Gwaggo ta ce kaset ɗin Mele take nema, kuma ta ce ba abin da zai shiga bakinta sai ta ji shi.

Mele mahaifina ne. Ina ɗan shekara biyar ya tafi Libiya aikin gini. Bai iya rubutu ba, Iya ma haka, sai ya yi yadda mutane suke yi a lokacin, ya yi magana a kaset ya ba wani mai dawowa gida ya kawo. Bayan wata huɗu labarin rasuwarsa ya iso. Ba mu ga gawa ba, hoto ma ba mu da shi. Iya ta yi wa kaset ɗin shaidarta, ɗigo uku na shuɗin fenti, irin wanda take yi a gindin kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki. Duk ranar salla in an sauko daga idi takan shiga ɗaki ta saurara, ta fito ta ci gaba da rabon tuwo.

Shekara biyu da suka wuce rikodarmu ta fara cin zare. Ni na kawo shawarar a kai Kazaure a juye muryar a memori, in sa mata a waya. Na kai wa Monday, mai shagon kaset da faifai kusa da tasha. Ya ce na'urarsa tana wajen gyara, in bar shi in dawo bayan sati biyu. Na ce to. Sai damina ta faɗi, aka shiga shuka, aka yi noma, aka yi girbi. Duk sanda Iya ta tambaya nakan ce yana nan, ba inda za shi. Har ta gaji ta bar tambaya.

Washegarin da Gwaggo ta faɗa mini, na hau babur da sassafe.

Shagon Monday na nan, amma an yi masa sabon fenti, wani mai cajin waya ne a ciki. Ya ce Monday ya koma garinsu tun bara, kasuwar ta mutu masa a hannu. Kayansa kuwa Malam Muhammadu Lawal mai littattafai ne ya kwashe, in bi bayan kasuwa zan gan shi.

Na sha wuce ƙofar shagon nan, ban taɓa shiga ba. Lungu ne siriri, mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya karkace. Littattafan addini suna can sama inda ƙura ba ta kai sosai, na makaranta a tsakiya, a ƙasa kuma ƙananan littattafan soyayya ɗaure da roba, bangonsu ya koɗe har fuskokin matan sun zama fari. Warin tsohuwar takarda da na ɓera ya cika wurin. A wani kwali na ga gara ta yi hanya ta cikin littattafai tun daga na sama har na ƙasa. Malam yana zaune a kan buzu, tabaransa ɗaure da zare, yana liƙa bangon wani littafi da koko.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Shekara biyu, samari? Ai ko akuya ka ba ajiya ta yi jikoki."

Na ce haka ne, Baba.

Ya ce shi katakon jera kaya ya so a wajen Monday, kaset ɗin a kyauta suka biyo, buhu biyu. Shi da yake fama da littafi, wanda yaran yanzu suke ɗauka su ɗauki hotonsa da waya su ajiye masa, ina zai kai kaset? Buhu ɗaya Sama'ilu mai gidan kallo a Roni ya ɗauka, ɗayan kuma wani Hamma daga Babura. Da zan tafi ya tambayi sunan mara lafiyar, na ce Mairam. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, kokon yana bushewa a yatsunsa.

Roni a kan hanyata take, sai na tsaya. Gidan kallon rumfar kwano ce da bencina, an rufe gefenta da buhunan siminti. Da fim ake nunawa, yanzu sai ƙwallo kawai. Na tarar da Sama'ilu yana share ɓawon gyaɗa. Da na ambaci kaset ya yi dariya, ya ce wa zai saurari kaset a zamanin nan? Zaren yake zarewa ya sayar wa manoma, su ja shi a saman gero daga kara zuwa kara. In iska ta kaɗa yana walƙiya yana fito, tsuntsu ba ya sauka.

Ya kai ni bayan rumfar. Ga ƙoƙunan kaset nan tuli guda, babu zare a cikinsu, ruwan sama ya dake su, ciyawa ta fito ta tsakaninsu. Na zauna a kan dutse na riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ina goge taɓo da babban yatsa, ina juyawa. Aka kira azahar na je na yi na dawo. Sai wajen la'asar na kai ƙarshe. Babu mai ɗigo uku. Na yi hamdala.

A hanyar gida gero ya nuna ko'ina, kuma sai a ranar na lura da zaren. Gona bayan gona yana ƙyalli a rana, wani ya tsinke yana lilo a jikin zangarniya. Na ce wa mai babur ya rage gudu, ya ce me na gani, na ce ba komai.

Na tarar Iya ruwa kawai ta kurɓa, shi ma da ƙyar. Leɓenta ya tsattsage. Gwaggo ta tambaye ni, na ce mai shagon ya ba wani ajiya a Babura, gobe zan karɓo.

Na isa Babura rana ta ɗaga, kasuwa tana ci. Ban sha wahalar samun Hamma ba, shi kaɗai ya rage mai sayar da kaset, a rumfa tsakanin masu igiya da masu kanwa. Masu sayensa makiyaya ne da mutanen tsallaken iyaka, waɗanda har yanzu suke rataya rikoda a kafaɗa su bi shanu. Yana da wata babbar rikoda mai baki biyu da ya haɗa da batirin mota, ɗaya bakin yana karantawa ɗaya yana ɗauka. Dogo ne, mai sanyin murya. Ya saurare ni har na gama, ya jawo kwalaye uku daga ƙarƙashin tebur ya ce in duba da kaina.

A kwali na biyu na gan shi. Ɗigo uku, shuɗi, a kusurwar hagu. Amma an liƙa masa farar takarda da jan rubutu, kuma an cusa takarda a ɗan ramin nan na sama.

Hamma ya karɓa ya juya shi. Ya sa a rikoda ya danna. Sai sarewa da ganga, da muryar wata mace tana waƙar shanu. Ya tura gaba, ita ce. Ya juya ɗaya gefen, ita ce dai. Na roƙe shi ya kai ƙarshe, ko an bar wani abu. Ya kai. Waƙar ta ƙare, sai huci, sai rikodar ta tsaya da kanta.

Ya yi mini bayani a hankali. In ya sayi tsofaffin kaset, mai rubutu a jiki yakan sayar da shi yadda yake. Wanda ba rubutu kuwa fanko ne a wajensa, ya toshe ramin don rikoda ta yarda ta ɗauka, ya ɗora sabuwar waƙa.

"Duk wanda yake son kaset ɗinsa yana rubuta suna," in ji shi.

"Akwai shaida, Baba. Ga ta nan."

Ya kai shi kusa da ido. "Wannan ai fenti na ɗauka ya ɗiga."

Ya ce yakan ɗan saurari farkon kowanne kafin ya goge, kuma ya tuna wannan, domin Barbarci ne, wani mutum yana magana yana tari. Ya ɗauka wasiƙa ce ta da, wanda aka aika wa ya riga ya ji. Na ce ta ji. Na zauna a bakin rumfar. Wani makiyayi ya zo yana tambayar sabuwar waƙa, Hamma ya ce ya dawo an jima.

Shi ya kawo dabarar. Ya ce ga Baba Hussain nan mai kanwa, mutumin Gure, Barbarci a bakinsa yake. In na san abin da ke cikin wasiƙar, sai in gaya wa tsohon ya faɗa a ɗauka a kan wannan kaset ɗin dai. Shekara ashirin, ga ciwo, ga kaset da yake sauya murya, ba lalle ta gane ba. In dai za ta ci abinci.

Na dubi ɗigon ukun nan. Sannan na ce a kira shi.

Baba Hussain tsoho ne mai farin gemu, hannunsa duk kanwa. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai taɓa aron bakin mamaci ba. Hamma ya ce rai ake nema. Tsohon ya tambayi kwana nawa ba ta ci ba, na ce yau biyar. Ya wanke hannu ya zauna.

Na faɗa masa abin da Iya ta taɓa fassara mini. Ya gaishe ta, ya gaishe da maƙwabta kowa da sunansa. Ya ce akwai sanyi a can irin wanda bai taɓa ji ba. Kada ta sayar da jan maraƙin nan ko da me. A sa Kyari a makaranta, wato ni. Yana nan tafe kafin ruwan fari. Iyakar abin da na sani ke nan, a cikin maganar da ta cika gefe guda. Hamma ya ɓare farar takardar, ya goge wurin da tsumma. Tsohon ya matso da bakinsa, ya fara. Ban ji abin da yake cewa ba sai sunana da na Iya. Ya yi tari sau biyu kamar yadda Hamma ya nuna masa. Da ya gama bai kalli kowa ba, ya tashi ya koma wajen kanwarsa. Hamma ya ba ni aron ƙaramar rikoda da batir, ya ce in dawo da ita duk sanda na samu hali.

Rana tana dab da faɗuwa na shiga gida. Iya tana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, Gwaggo tana yi mata fifita. Na sa mata kaset ɗin a hannunta mai lafiya. Ta shafa ɗigon da yatsa, ɓarin fuskarta da yake motsi ya saki. Gwaggo ta ce Allah ya yi mini albarka, ta tashi ta ɗumamo kunu.

Na sa, na danna. A kalmar farko Gwaggo ta juyo ta dube ni. Mele ɗan'uwanta ne, ta san muryarsa, ban ma yi wannan tunanin ba. Ta ajiye kwanon a hankali. Iya kuwa ta rufe ido, ta saurara har ƙarshe, har tarin. Da rikodar ta yi shiru ta buɗe ido ta yi magana, a natse, kamar mai lafiya.

"Me ta ce, Gwaggo?"

"Ta ce wannan bawan Allah ya iya gaisuwa, a gode masa. Yanzu a sa mata na Mele."

Na durƙusa a gefen tabarmar. Na faɗi komai, tun daga Monday har Hamma, da shekara biyun da na yi ban koma ba. Iya tana kallon bakina, ba ta jin ko kalma. Da na gama na ce wa Gwaggo ta faɗa mata.

"Bakina ba zai ɗauki wannan ba, Kyari."

"Haƙƙinta ne ta sani."

"To koyi harshen uwarka ka faɗa mata."

Iya ta sake tambaya, tana duban Gwaggo tana dubana. Gwaggo ta sunkuya ta yi mata wata gajeriyar magana a kunne. Iya ta gyaɗa kai. Na tambayi abin da ta ce mata. Ta ce ta gaya mata batir ne ya yi sanyi, gobe zan sayo sabo a sa mata na Mele.

Sai Iya ta nuna kwanon kunun da haɓa. Gwaggo ta tallafo kanta, ta miƙo mini ludayi. Na ɗebo na kai bakinta. Ta buɗe ta sha. Na sake ɗebowa ta sha. A na huɗu ta tsaya ta huta, ta yi wa Gwaggo tambaya, Gwaggo ta ce tana so ta san goben da safe ne ko da yamma.

Na ce da safe.