Ranar da Motar Direba Ta Yi Ƙyanda

A layin nan kowa ya san ba a jingina da motar Baba Direba. Yaro ya ɗora mata hannu, sai ya ji tsawa ta taga. Akuya ta raɓe ta don neman inuwa, sai ta sha takalmi a haƙarƙari. Farar mota ce, tsohuwar yayi, tana fake a ɗan filin da ke tsakanin ƙofar gidansa da rumfar maƙwabcinsa Mai Walda. Kullum da safe sai ya fito da bokiti da tsumma biyu, na jiki daban, na gilashi daban, ya wanke ta tas har cikin tayoyi. Matarsa ta sha faɗi cewa da ita ake wa rabin wannan gatan, da tuni ta koma budurwa.

Ba za a ga laifinsa sosai ba. Bawan Allah ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan motocin wasu, yana buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofa, sai da furfura ta gama cin kansa sannan ya mallaki tasa. Saboda ita ne har yau ake ce masa Direba, ba a ce tsohon nan na gidan kan kwana ba. In gardamar mota ta kaure a shagon aski, shi ake aika wa ya zo ya raba.

Abin da layin bai sani ba shi ne, motar ba ta da inji.

Shekarun baya injin ya buga. Wani makanike mai zaƙin baki, can ƙetaren gari, ya sauke shi, ya ce a mayar da gangar jikin gida kada ɓarayi su kwance fitilu, injin zai biyo baya. Aka jawo ta ranar da ake tafka ruwan sama, kowa yana ɗaki, ba wanda ya ga igiya. Da Direba ya koma garejin, sai ya tarar da mai sayar da katifa a wurin. Makanike ya yi gaba, inji ya raka shi. Tun daga ranar, in an tambayi dalilin da ya sa motar ba ta fita, sai Direba ya ce man yanzu duk gauraye ne, ko ya ce direbobin zamani sayen lasisi suke yi, ba zai kai musu dukiyarsa su goge ba. Da yamma yakan shiga ya zauna a mazaunin direba da 'yar rediyonsa, ya sauke gilashi, ya riƙa amsa gaisuwa. Daga shi sai matarsa suka san abin da ke ƙarƙashin bonet, wato iska.

To, ranar da abin ya faru, Mai Walda ya gama haɗa wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe. Da can da buroshi yake shafa fenti, amma ranar sai ya aro injin feshi, don ya ji an ce aikin ya fi sheƙi. Ya jingina ƙofar a bakin rumfa, ya ɗura koren fenti, ya hau feshi yana fito da baki. Bai lura da inda iska ta dosa ba.

Direba yana barcin rana. Da ya fito yana miƙa, sai hammar ta maƙale masa. Gefen motar gaba ɗaya, daga fitilar gaba har ta baya, har gilashi, ya cika da ɗigo-ɗigon kore, kamar yaron da ƙyanda ta feso wa. Ya lashi yatsa ya goga. Ya sa farce ya kankara. Fentin ya riga ya bushe, ya kama kam.

Ihun da ya yi sai da tantabarun gidan baya suka tashi.

"Kai! Mai Walda! Fito ka ga aikin hannunka!"

Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Kafin ka ce kwabo Tela ya taso da awo a wuya, Mai Aski ya baro mutum da rabin kai, Mai Shago ya ja ƙyaure. Matar Direba ta leƙo ta bakin ƙofa, ta ga yadda jijiyar wuyan mijinta ta tashi, ta gane inda aka dosa.

"Malam, ɗan shigo ciki mu yi magana."

"Koma ciki! Wannan ba maganar mata ba ce."

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta gyara tsayuwa don kada komai ya wuce ta.

Direba ya juya ga jama'a, ya buɗe murya. Ya ce motar nan ko ƙuda bai taɓa yi mata kashi ya kwana ba. Ya ce shi ba a shafa masa tsumma da kananzir a ce an biya shi. "Gareji za a kai ta, a kankare, a mayar da ita yadda kamfani ya ƙera ta. Kuma yau, ba gobe ba!"

Ya faɗi haka ne da ƙwarin gwiwa, don ya san halin masu sana'a. Ya ɗauka Mai Walda zai ce iska ce ta yi, ko ya ce a bari sai wata ya ƙare, a yi ta ja har maganar ta bi ruwa, shi kuma ya ci ribar abin gori na shekara guda. Sai Mai Walda ya cire tabaran aikinsa, ya zagaya motar, ya dafe kai.

"Wallahi Baba laifina ne, ba ni da bakin magana. Akwai abokina mai garejin fenti a bakin titi, yanzun nan zai karɓe ta. Ɗauko makulli mu je."

Layin ya ɗauki yabo. Tela ya ce ka ji ɗan halak. Direba kuwa gumi ya karyo masa a ƙeya. Lallai baki shi ke yanka wuya.

"To, ai... ba sai an yi gaggawa ba," ya ce. "Batir ɗin ya yi sanyi, ta kwana biyu ba ta fita ba."

"Batir?" in ji Mai Aski, har yana murna. "Ai wannan turi kawai take so. Jama'a, a sa hannu!"

Duk duniya babu taimakon da maza ke so kamar turin mota. Mutumin da ba zai ɗauke wa matarsa bokiti ba, da ya ji an ce turi, sai ya nannaɗe hannun riga. Har wanda aka yi wa rabin aski ya fito da ƙyallen a wuyansa. Direba ya waiga wajen matarsa neman agaji. Ta shiga ciki, ta dawo, ta miƙo masa makulli da hannu biyu, cikin ladabin da bai taɓa ganin irinsa a wurinta ba.

Ya shiga, ya zura makulli, ya murɗa. Aka ce bisimilla, aka danna. Tayoyin suka yi ƙara suka rabu da ramin da suka haƙa wa kansu, motar ta gangara kan layi.

"Kai, motar nan ba nauyi!" in ji Tela.

"Ƙirar da ce," Direba ya amsa ta taga. "Su Turawan da ba sa cika wa mota tarkace."

"Sa giya biyu, Baba! Saki kuloci!"

Ya sa giya, ya saki kuloci, har da ɗan girgiza jiki don a ga ana ƙoƙari. Motar ko tari ba ta yi ba. Aka kai ta ƙarshen layi, aka juyo, aka sake dannawa. Abin haushin shi ne, cikin wannan tashin hankalin Direba daɗi yake ji. Sitiyari ya motsa a hannunsa bayan shekaru, iska tana shigowa ta taga, katangun maƙwabta suna wucewa. Ya kauce wa wani rami da gwanintar da ya ɗauka ta mutu, idonsa ya kawo ruwa.

Bayan an yi ta safa da marwa, masu turi suka zube a bakin kwata suna haki. Nan kowa ya zama makanike. Mai Shago ya ce fulogi ne. Tela ya ce tsohon mai ne ya daskare. Mai Aski, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya rantse kafireto ne.

"Buɗe bonet, Baba, a hura mata."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Direba ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya ja abin gyara kujera da ƙarfi har sau biyu, ya ɗago yana girgiza kai.

"Wayar ta tsinke. A bar shi kawai."

"Haba Baba, ina tsaye?" in ji Mai Walda. "Ba a yi sakatar da za ta gagare ni ba. Ta ƙasa zan zura hannu in ɓalle ta."

Kafin Direba ya haɗa wata ƙaryar, mutumin ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, sai ƙafafunsa kawai ake gani. Ƙafafun suna ta motsi, sai suka tsaya cak. Direba ya riƙe murfin ƙofa, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

Mai Walda ya fito a hankali. Ya karkaɗe wandonsa, ya cire yanar gizo daga gemunsa, ya ɗago ido ya dubi Direba. Kallon bai daɗe ba, amma babu abin da bai faɗa ba.

"Sakatar ta ci tsatsa," ya ce wa jama'a. "In na matsa mata zan lanƙwasa bonet." Sannan ya juyo, ya kwantar da murya kamar mutumin kirki. "To Baba, yanzu ya za a yi da maganar fentin nan? Ko in nemo motar ja, mu tafi da jama'a gaba ɗaya a buɗe ta a can?"

Direba ya yi gyaran murya, ya gyara wuyan riga.

"Ɗan nan, zo nan. Na yi tunani. Me aka yi aka yi fenti? Maƙwabci ai ɗan'uwa ne, in gobara ta tashi shi ke fara kawo ruwa. Duniyar ma nawa take? Na yafe maka, duniya da lahira."

"Allahu akbar," in ji Mai Walda. "Halin girma sai manya."

"To da ka yafe tun kafin mu fitar da hanjinmu mana!" in ji Tela, yana dafe da ƙugu. Wanda aka yi wa rabin aski ya yi tsaki ya kama hanya, Mai Aski ya bi shi a guje. Da ƙyar aka samu waɗanda suka mayar da motar mazauninta.

A cikin gida matarsa ta ajiye masa ruwa, ta koma gefe tana dariya har da riƙe ciki.

"Sannu da hanya, Malam. Ya gajiyar tafiya?"

Washegari Direba ya sayo 'yar kwalbar tina mai narka fenti, ya gwada a wani lungu kusa da fitilar baya. Koren ya fita, farin ma ya bi shi, wurin ya dusashe. Ya rufe kwalbar ya tura ta ƙarƙashin gado. Da masu wucewa suka fara tambaya, sai ya ce ai ɗigon ma yana kare ƙarfe daga rana.

Mai Walda dai bai faɗa wa kowa ba, wannan kam a ba shi. Sai dai gaisuwarsa ta canza. Da can rusunawa yake yi, yanzu daga zaune yake ɗaga hannu, ya ce, "Baba Direba, ya mota?" Tartsatsin walda ya fara matsowa, guntayen ƙarfe suka fara taruwa a gindin taya. Direba yana gani, yana haɗiyewa. Ya tsani mutumin, kuma kullum sai ya yi masa addu'ar Allah ya ƙara masa nauyin baki.

Wata safiya yana cikin wankin gilashi, sai ga Mai Walda ya jingina sabuwar ƙofa a bakin rumfa, ya jawo injin feshi, ya ɓalle murfin gwangwani. Ja ne wur. Mai Aski yana share ƙofar shagonsa, Tela yana buɗe taga.

"Baba Direba!" Mai Walda ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yau ja zan fesa, ga iska kuma. Don Allah a ɗan matsar da motar, kada a maimaita na ranar nan."

Tsintsiyar Mai Aski ta tsaya. Direba ya dubi gwangwanin, ya dubi motarsa, ya matse tsumman hannunsa a hankali har ruwan ya ƙare.

"Ni zan wahalar da inji saboda gwangwanin fenti? Fesa abinka, yaro."

Ya shiga gida, ya yaye zanin gado, ya kwashe zannuwan matarsa daga kan igiya. Ta biyo shi waje, ta kama masa ɗaya gefen, suka lulluɓe motar suna danne bakin zanin da duwatsu. Duk da haka zannuwan ba su kai ba, ƙofar direba ta rage ba a lulluɓe ba. Injin feshi ya fara huci. Sai Direba ya matsa ya tsaya a wurin da kansa, ya juya wa rumfar baya, ya kama gefen rigarsa da hannu biyu ya baza.