Kwanar Murranus

Duk wanda ya zauna a unguwar Subura lokacin da ake gina sabon dandalin Sarki Kaisar ya san Murranus baduku, kuma duk wanda ya san shi ya gaji da shi. Ni Helfis na fi kowa gajiya, don tukunyar wakena tana kallon ƙofar shagonsa, ba ni da wurin gudu.

Da mutanen Kaisar suka zo sayen gidaje, duk na jere da shi suka sayar. Murranus ya ce a'a. Suka sake dawowa da fara'arsu, ya sake cewa a'a.

"A ɗakin nan ubana ya ɗaga ni daga ƙasa ranar da aka haife ni," ya ce musu. "Daga nan za a fitar da gawata. Ku gaida mai gidanku."

Muka ce shi ke nan, tsohon nan ya jawo wa kansa. Shiru kake ji. Wai Kaisar ba ya son a ce ya ƙwace wa talaka gida. Magina suka ci gaba da jan katangar dandalin ta baƙin dutse, wadda aka yi don kada gobararmu da warinmu su tsallaka wurin manya. Ta taho miƙe sambal, da ta iso gidan Murranus sai ta karya kwana ta kauce masa.

To fa! Daga ranar ba mu sake hutawa ba. Ka kawo gyaran takalmi, sai ya fito da kai waje ya nuna maka kwana. Ka zo sayen wake wurina, sai ya ƙwala maka kira. "Kai, ɗan nan, ɗaga kanka ka gani! Ƙasashe sun durƙusa wa mutumin nan, ni kuma katangarsa ta durƙusa mini." Waɗanda suka sayar da nasu kuwa, in suka biyo ta layin, ce musu yake awaki. Ya kuma rantse ƙafarsa ba za ta taka dandalin ba. Ya ce ya ishe shi sanin cewa duk babban da ya shiga ciki sai idonsa ya faɗa kan kwanar Murranus.

Yana da ɗa guda, Lukriyo, wanda furfura ta fara fito masa amma ko allurar shagon ba tasa ba ce, don a wurinmu ɗa ba ya mallakar komai muddin uba na numfashi. Ga gidan ya zama na bakin ƙofar dandali, wani mai sayar da giya yana ta zarya a kansa. Hanya ɗaya ce ta rage wa Lukriyo: alƙali ya ce uban ya zare, a damƙa masa riƙon gida. Ɗan banza bai ji kunya ba, ya kai ƙara.

Zaman shari'a kuwa an riga an mayar da shi cikin sabon dandalin. Da safen Murranus ya yafa farin mayafinsa, har da murmushi. "Helfis, rufe tukunyar nan ki zo ki ga yadda ake kunyata yaro. Rantsuwata ba ta karye ba, jana aka yi." Rabin layi ya bi shi, kuma ba don ƙauna ba.

Muka ratsa ƙofar, muka gangara matakala. Marmara ta kashe mana ido, ja da fari da rawaya, ga haikalin gunkin yaƙi ya tokare sama. Alƙali na zaune a rumfa tsakanin mutum-mutumin jarumawan dā.

Lukriyo ya share hawayen da babu. "Ranka ya daɗe, Babana ne, ina son sa. Amma daga safe har yamma maganarsa ɗaya ce, wai shi ya tanƙwara katangar wurin nan."

Alƙali ya dubi tsohon. "Haka ne, dattijo?"

"Haka ne mana! Ai ba ɓoyayyen abu ba ne."

"To nuna mana."

Murranus ya juya da gadara ya ɗaga hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Ya duba dama, ginshiƙai ne a jere. Ya duba hagu, irinsu ne sak. Ashe magina sun san aikinsu. Sun tura kwanar can bayan haikali, sun rufe ta da bango da marmara, ta yadda daga ciki ko tsinke ba za ka ce ya karkace ba. Mu da muke shigowa mun daɗe da sani. Babu wanda ya gaya masa.

"Tana nan," ya ce. "Ku dakata, tana nan."

Ya kama sauri. Ya leƙa bayan wannan ginshiƙi, ya shafa wancan bango, mayafin ya zame ya harɗe masa ƙafa, ya faɗi a kan marmara. Dariya ta ɓarke. 'Yan layinmu suka fi kowa, har da riƙe ciki. Wani cikin waɗanda yake kira awaki ya yi masa kukan akuya.

Raina ya ɓaci. Na ƙi jinin surutunsa, amma ƙarya ƙarya ce. Na ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, a fita ta baya a duba! Ga ta can kowa na gani!"

Dogari ya zungure ni da sanda a haƙarƙari. Alƙali ya dubi ƙofar Subura, ya dubi takalminsa mai tsabta, ya tambayi maƙwabta ko akwai mai shaida. Suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Kafin rana ta take, Murranus ya zama mahaukaci a idon doka.

Lukriyo bai ɓata lokaci ba. Gida ya koma hannun mai giya, tsohon kuma aka ce za a kai shi ƙauye wurin wani dangin matar Lukriyo, inda akwai ɗaki mai sakata ta waje. Ranar tafiya suka fito da shi da ƙunshin kayansa. Yana ɗaga kai ya ga katanga.

"Ga ta! Jama'a, ga ta nan! Ku duba!"

Samarin layi suka kare ido da hannu, suka leƙa sama. "Ina, Baba? Mu dai miƙaƙƙiya muke gani." Har matan da ke tagogi suka amsa, "Sambal take, Baba!"

Ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya matso wurin tukunyata, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar hanya.

"Helfis, ke ba kya rufa wa kowa. Ta karkace ko ba ta karkace ba?"

"Ta karkace, Murranus. Na rantse da duk gumakan garin nan, kai ka karkata ta."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka ake ce wa mahaukaci don ya yi shiru," ya ce. Ya miƙa wa ɗansa hannu da kansa. "Mu je, Lukriyo. Ka riƙe ni da kyau."