Asabar Bakwai a Shagon Shayi

Tun da bas ta hau Bristol Road, Mama Celestina ta kafa ido a taga. Daga Gorton ta taho ganin jikarta Zoe da ke karatu a Birmingham, kuma rabonta da unguwar Selly Oak ya haura shekara hamsin. Da suka sauka ita da Zoe, ta ja ta tsaya gaban wani shagon gyaran waya, ta ce ai nan ne wurin.

A 1963 ta zo daga Jos koyon aikin jinya. Lokacin shagon na shayi ne, mai shi kuwa ko ruwa ba ya ba baƙar fata. Ranar da ya kore ta, da kuka ta koma gida. Fusena, matar wani ɗan Gana da suke haya gida ɗaya, ta ce kuka ba zai yi magani ba, kuma kada maza su ji, don faɗa za su je yi.

Da Asabar ta zagayo su shida suka koma, har da nas biyu 'yan Jamaika, kowa ta ci ado kamar mai zuwa suna. Suka zauna a teburin tsakiya, suka nemi shayi cikin ladabi. Aka yi banza da su, sai suka ciro saƙa. An zage su, har ɗan sanda aka kira. Ya tarar da mata suna saƙa safar jarirai, ya sosa ƙeya ya fita. 

Haka suka riƙa zuwa. A Asabar ta bakwai matar mai shagon ta fito da kanta, ta dire buta da kofuna shida, ba ta kalli kowa ba.

"Kaka, da daɗi shayin?" in ji Zoe da ke sauraron labarin, cikin Hausarta mai gargada.

"Tsululu, ga sanyi," Celestina ta ce tana dariya. "Amma Fusena da ko ƙanshin shayi ba ta so, sai da ta sha kofi biyu."

Bara aka binne Fusena, sauran huɗun kuwa tuntuni labarinsu ya ɓace mata. Celestina ta daɗe tana leƙen inda teburin yake a da. Daga baya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce Zoe ta ɗauke ta hoto a bakin ƙofar, a tura wa Mubarika, 'yar Fusena, can Cheetham Hill.