Tsumman Gangar Ruwa

Da motocin soja suka dawo daga arewa a bazarar nan, ɗaya ba ta cikinsu, kuma ita ce wadda maigidana yake tuƙawa. Sunansa Ila, ni dai Baban Indo nake ce masa. Sun bi sawun wasu ƴan bindiga masu kwashe raƙuman mutane, aka yi musayar wuta, harsashi ya huda lagireton motarsa can gaba da Belbeji, inda ko inuwar kirki babu. Soja ba ya barin mota a daji, sai aka bar shi da wani abokin aikinsa, Rissa, su yi gadinta. Aka rage musu ɗan ruwan da ya saura, aka ce da zarar an isa Tanut za a turo musu wani ruwan da sabon lagireto.

A farkon shekarun tamanin ne, lokacin akwai wani ɗan sansanin soja a gefen garinmu Tanut, yanzu ko alamarsa babu. Aikina a wurin wankin gangunan ƙarfe, tano muke ce musu. In motoci sun dawo daga daji kowa da abin da yake gyarawa. Makanikai su kwance inji su fitar da yashi, masu faci su kama tayoyi, a ɗinke tamfol, ni kuma a mirgino mini gangunan ruwa. In zuba ruwan zafi da toka da kanwa da tsakuwa, in yi ta mirginawa har tsatsar ta fita. Na gazuwal ba na taɓa su, don gangar da ta taɓa cin mai ta gama zama ta ruwa har abada.

Gangunan kuwa duk kamarsu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne tsumma. Kowace ta ruwa da ƙyalle ɗaure a wuyanta, wadda ba ta da shi ta mai ce. Babu wanda ya rubuta wannan doka, amma daga kuku har direba kowa ya san ta. Yawancin ƙyallayen ma daga tsohon zanena na yage su.

Wanda sansanin ke hannunsa Ajidan Manzo ne, mutumin Gangara, garinsu ɗaya da Baban Indo. Tsohon direba ne, ya sha ruwan tano fiye da kowa, ya ci tuwon hannuna ba adadi. Da na same shi ya ce in kwantar da hankalina, lagireto na nan, mota ɗaya ma an gama gyaranta. Ana cikin haka labari ya zo cewa kwamanda zai taso daga Damagaram ya duba kayan da suka dawo daga fama. Daga nan Manzo ya daina ganin kowa.

Ni dai ban taɓa ganin sakarci irin wannan ba. Manyan mutane masu iyali suka duƙufa shafa wa duwatsu farar ƙasa. Ramukan harsashi aka cusa musu sabulu aka bi da fenti. Motar da injinta ke zube a ƙasa aka rufe bakinta, aka turo ta cikin layi, aka goge mata tayoyi da baƙin mai tana sheƙi kamar amarya. Ita kuma wadda ta tashi, wadda za ta kai ruwa, Manzo ya ce ba za ta motsa ba sai kwamanda ya gani, don kada layin ya yi giɓi. Na tuna masa mutane biyu na cikin rana. Ya ce soja ne, sun saba, kuma kwamanda ba zai wuce gobe ba. Goben nan ta yi ta zama gobe.

Da fenti ya iso kan ganguna, da idona na ga Manzo ya zaro wuƙa yana yanke ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ajidan, in ka cire su, da me za a gane na ruwa?"

Ya ce, "Haba Tabawa, kwamanda ya zo ya tarar da tsummokara rataye kamar gidan boka? Na ruwa na gabas, na mai na yamma. Ya tafi mu mayar."

Ya san abin da yake yi, shi ne abin da ya fi ba ni ƙyama. Da baƙo ne daga birni sai in ce bai sani ba. Ya tattara ƙyallayen da tsinin takalminsa ya sa aka ƙone, sannan ya ce daga ranar kada farar hula ya sake shiga sansani sai baƙo ya tafi. Haka aka fitar da ni. Daga bayan wayar shinge na hango sababbin kurata suna mirgino gangunan gabas da na yamma, suna jera su layi ɗaya a bakin fili, wai an ce sun fi kyau a haka. Na yi magana da mai gadin ƙofa, ya ce zai faɗa. Na aika a gaya wa Manzo, aka ce yana gwada wa kurata yadda ake sara wa babba.

Kwamanda ya zo da hantsi, ya zaga, ya shafa wata mota ya duba yatsansa, ya yaba, ya ci nama, ya tafi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Manzo ya tuna da mutanensa, ya hau ihu a yi sauri. Kurata suka ɗauki gangunan da suka fi kusa da hannu, suka zura musu tiyo a famfo. Duk filin warin fenti da mai yake, hanci ba ya rarrabe komai, kuma babu wanda ya tsaya sunsunawa. Kafin in zagayo daga gida motar ta kama hanyar Belbeji.

Sauran labarin daga bakin Rissa na ji. Ruwansu ya daɗe da ƙarewa, har ɗan guntun da ya rage cikin hudajjen lagireton sun tsiyaye sun sha. Da motar ta iso suka buɗe ganga ta farko, mai na yawo a saman ruwan. Suka buɗe ta biyu, haka, har ta ƙarshe. Rissa ɗan daji ne, ya jiƙa rawaninsa kawai ya daure. Baban Indo ya riga ya fita hayyacinsa, ya kafa kai ya sha, ya yi ta amai har ɗan abin da ya rage a jikinsa ya fita. Kafin su kai rijiyar farko rai ya yi halinsa. Motarsa kuwa an ɗaura mata sabon lagiretonta, ta dawo Tanut da ƙafarta.

Malaman da suka yi masa wanka suna fitowa na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa, a hankali, bakin mamacin warin gazuwal yake. Ban yi kuka a lokacin ba.

A garinmu in an yi rasuwa da bazara, babban abin da ake kai wa gidan makoki ruwa ne, saboda masu zuwa gaisuwa. Washegari sai ga kurata sun mirgino ganga har ƙofar gida, koriya shar, fentin ko ƙwarzane babu. Manzo na biye da su, hula a hannu. A wuyan gangar an ɗaura sabon farin ƙyalle, an yi masa ƙulli mai kyau.

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa, Tabawa. Wannan da kaina na zaɓa, sai da na sunsuna."

Na buɗe na kai hanci. Ruwa ne garau, cikin gangunan da na wanke da hannuna, har ƙamshin kanwar yana nan. Ashe sunsunawar ba ta fi haka wuya ba.

Na ce wa ɗiyata Indo ta kira masu jakuna da ke bakin kasuwa su zo su shayar da dabbobinsu. Masu gaisuwa kuma na ba su na randata.