Filtar da Ta Ƙi Fita

Tsohon fanbel ɗin ya sake zamewa, gwiwar hannun Audi ta bugi ƙarfen ƙasan motar. Bai yi ƙara ba. Ya ci gaba da kwanciya a kan kwali yana kallon filtar baƙin mai. Minti arba'in ke nan. Ya gwada tsumma, ya gwada sanfefa, ya naɗa mata fanbel ya ja. Ko motsi ba ta yi ba.

"Injiniya, kana da rai?" in ji Ya'u daga sama.

Ƙafafunsa kawai Audi ke gani, cikin takalmin roba. Ya'u ne mai motar, tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, wadda yake kwasar fatun shanu da ita daga mayankar Oko-Oba zuwa wajen mata masu ganda a Abule Egba. Warinta kan riga ta shiga gareji. Shekara goma sha ɗaya Audi yana yi mata sabis.

"Wane jaki ne ya ɗaure wannan filtar?" Audi ya tambaya.

"Kai ka san jakunan garin nan, a nan aka haife ka."

"Ba wasa nake ba. Ka kai ta wani wuri."

Ƙafafun suka daina motsi. "Ni?"

"Da sifanar sarƙa aka ɗaure ta. Ga sawun haƙoran nan ina gani."

"Wallahi, Audi, tun da na sayi motar nan ba wanda ya buɗe mata baki sai kai. Ko taya ce ta fashe, sai na gaya maka."

Audi ya mayar da ido kan filtar. Ya san gaskiya Ya'u ya faɗa. Shi ne jakin.

Duk layin makanikai da ke bakin titin jirgi a Agege an san dokarsa: hannu ke ɗaure filta. A shafa wa robarta mai, a murza har ta taɓa, a ƙara rabin juyi, a bar ta. Ya taɓa korar mutum daga aiki saboda ya sa wa filta sarƙa. In ya gama, yakan ɗauki ƙusa ya karce kwanan wata a jikinta da harafin farko na sunansa, don kowa ya san hannun da ya yi aikin.

Tun watan azumi yatsu uku na hannunsa na dama suka daina jin abin da suke riƙe da shi. A asibiti an ce jijiya ce, an haɗa da hawan jini, an ba shi ƙwayoyi. Matarsa Rahamatu ce kaɗai ta sani, ita ma don kofin shayi ya kuɓuce masa a gabanta sau biyu. Ranar sabis ɗin da ya wuce, ya murza filtar Ya'u bai ji inda ta tsaya ba. Ya ji tsoron kada ta saki a hanya, mai ya tsiyaye, inji ya ƙone. Sai ya jira Ya'u ya tafi sayen ruwa, ya jawo sarƙa ya ƙara juyi ɗaya. Ya sake ƙarawa.

Makanikai takwas ne a layin. In aka ji hannun Audi ya mutu, masu mota ba za su sha wahala ba. Taku goma za su ƙara.

"Fatu suna ƙasa tun safe," in ji Ya'u. Muryarsa ta yi sanyi. "In azahar ta yi ban kwashe ba, ko kare ba zai dube su ba."

"Na ji."

"In kira maka Sharif ya kama maka?"

Sharif ne bakaniken rumfar da ke kusa. Yana da ƙarfi, kuma bakinsa ba ya riƙe magana.

"Ka taɓa ganin an kama mini? Miƙo sukudireba, babbar. Da guduma."

Ya saita bakin sukudirebar a cikin filtar, ya buga. Bugu na uku ta huda. Baƙin mai mai ɗumi ya biyo hannunsa, ya gangara hammata, ya shiga riga. Ya bari ya tsane. Ya ƙara bugawa har ta ɓullo ta ɗaya gefen, sannan ya rungumi mariƙin da hannu biyu ya ja da kafaɗa.

Gwangwanin ya yage kamar takarda. Rabinsa ya faɗo ya gangara waje. Gindin filtar ya zauna daram a jikin inji, da bakinsa mai kaifi.

Jirgi ya wuce, ƙasa ta yi rawa, tsatsa ta zubo masa a fuska. Ya rufe ido har ƙarar ta yi nisa. Bayansa na ciwo. Ya tuna bai sha ƙwayar safe ba.

"Cizal," ya ce.

Aka turo masa cizal ta ƙasa.

Ya kafa bakin cizal ɗin a gefen gindin filtar da hannun hagu, ya ɗaga guduma da dama. Bugu biyu, gudumar ta sulale ta faɗa masa a ƙirji. Ya ɗauka. Ta sake faɗuwa. Ya kwanta yana numfashi, yana kallon yatsun. Suna nan, baƙaƙe da mai, ba abin da ya same su a ido.

Ya yagi tsumma da haƙori, ya ɗaure cizal ɗin a tafin hannunsa na dama, ya mayar da guduma hagu. Bugun hagu ba ya zuwa daidai. Biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan yatsa, yatsan ma bai ji ba. A wajen bugu na ashirin gindin ya ɗan gusa. Ya ci gaba har ya saki, ya warware shi, ya jefar. Robar ta manne a jikin inji, sai da ya kankare ta.

Da ya fito, Ya'u na zaune a kan benci da yagaggen gwangwanin a hannu. Ya goge shi da gefen rigarsa. Kwanan watan ya fito sarai, da harafin, da sawun sarƙa a gefensu. Idon Ya'u ya sauka a kan cizal ɗin da har yanzu ke ɗaure a hannun Audi.

"Ban iya boko ba," in ji Ya'u, "amma wannan jakin na san rubutunsa."

Audi ya soma kwance tsumman.

"Tun ƙaramar Sallah na gane. Na ba ka hannu, na ji kamar na kama ɗanyar fata."

"Ka gane, ka dawo?"

"In je ina? Wajen Sharif, ya sayar mini da injin yana yi mini dariya?" Ya ajiye gwangwanin. "Amma ka ce na kai ta wani wuri. Wannan bai yi ba, Audi."

"Bai yi ba."

A rumfar Sharif ana ta gwada hon.

Audi ya buɗe kwalin sabuwar filta, ya tsoma yatsan hagu a mai, ya zagaye robar. Ya tsaya riƙe da ita. Sannan ya miƙa wa Ya'u.

"Cire rigarka."

"Ni direba ne."

"Kana ɗaga fatar bijimi kai kaɗai. Oya, shiga."

Ya'u ya kwanta a kan kwalin yana mita, cikinsa na gogar ƙarfe. Audi ya durƙusa a gefe ya haska masa da waya.

"A hankali. Kada ta hau a karkace. Murza. Ta taɓa?"

"Ta taɓa."

"Rabin juyi."

"Na yi. In ɗan ƙara? Gani nake kamar za ta faɗo."

"Bar ta."

"Kaɗan dai."

"Na ce bar ta."

Aka zuba mai, aka tayar da inji. Audi ya leƙa ƙasa ya daɗe yana kallo. Ko ɗigo babu. Ya sa aka kashe, ya zaro ƙusa daga aljihu ya ba Ya'u.

"Wannan kuma aikinka ne," in ji Ya'u.

"Wanda ya ɗaura shi ke sa alama."

Ya'u ya sake shiga ƙasa. Ya karce layi biyu da gicciye ɗaya, irin alamar da yake yi wa fatunsa da wuƙa. Ya sa riga, ya duba rana, ya ja motar ya tafi. Warin ya daɗe bai bi shi ba.

Wata danfo, ƙaramar motar haya, ta daɗe tana jira a bakin rumfar. Direban ya leƙo ta taga.

"Baba Audi, sabis ne. Mai da filta."

Audi ya dubi rumfar Sharif. Sharif na tsaye a bakinta yana goge sifana, ya ga komai. Audi ya jawo kwalin da ƙafa, ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin danfon.

"Sauko," ya ce wa direban. "Cire rigarka."