Muryar Rahamatu a Waya

Aikin Sharfuddeen a Legas ƙona kaya ne. Yakan yanko ƙyallen kujerar jirgin sama ko soson cikinta ya kara a wuta, ya ga ko za ta mutu da kanta, ya auna hayaƙin. Shekarun da ya yi a aikin sun koya masa cewa hayaƙin soso ya fi harshen wuta kisa.

Yana bakin aiki yayarsa Adda ta kira daga Roni, inda take riƙon 'yarsa tilo, Rahamatu, tun rasuwar uwarta.

"Ka gode wa Allah! Motar su Rahamatu ta kama da wuta a hanyar Kazaure, kujeru sun ƙone ƙurmus, ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da aka fasa gilashi. Amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Ga ta nan a gida, 'yan barka sun cika tsakar gidan."

"Ba ni ita, Adda."

"Baba," in ji Rahamatu, sai tari ya sarƙe ta. Muryar ta dishe kamar ta tsohuwa.

Ya ce a duba hancinta. Adda ta ce akwai ɗan baƙi-baƙi, ai an goge.

"Don Allah, Adda, ku kai ta asibitin Kazaure yanzu. Hayaƙin ya ƙona ta ta ciki, maƙogwaronta zai kumbura ya toshe."

"Kai, tir da mugun baki! Yarinya na zaune tana shan kunu, ka ce a kwashe ta a bar baƙi? Gobe ma rana ce."

Ya roƙa har da kuka. To, wa ya isa ya ja da Adda? Ita ta goye shi. Ta ce to, ta ji, ta kashe waya.

Bai samu jirgin Kano ba sai washegari. Ya zauna a kujerar da ya san wuta ba ta cinta da sauƙi, yana ta kiran lambobin gida kafin a tashi, babu mai ɗauka.

Tun daga bakin layi ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. Hamma, mijin Adda, ya taso ya riƙe shi.

"Ina take? Ku bari in gan ta."

"Ka yi haƙuri, Sharfu. Mun jira ka har hantsi, malamai suka ce kada a ajiye ta."