Reza a Gindin Leda

Shekara ashirin da biyu ina aiki a gidan rainon itatuwa na hukumar gari, amma kafin bara ba zan iya nuna maka bishiya goma da suka rayu daga hannuna ba. Ba wai ban iya ba ne. Ni nake tsince iri, in cuɗa ƙasa da taki, in ɗura a baƙaƙen ledoji, in jera su a ƙarƙashin rumfar raga. Wata biyar ina ba su ruwa safe da yamma, har ma'aikata suka laƙaba mini Uwar Dashe. Daga nan sai a zo da mota a kwashe mini su a kai su mahallaka.

Mahallakar ita ce taron dashen itatuwa da hukumarmu take yi duk farkon damina, kuma kullum a wuri ɗaya, wato tsirin ƙasar nan da ya raba titin tasha biyu. Ana kafa rumfa a jera kujeru. Babban baƙo ya yi jawabi a kan ɗumamar duniya, ya ɗan rusuna don kada gwiwar wandonsa ta ɓaci, ya saka dashe ɗaya a rami, a ɗauki hoto. Sauran ɗari shida ba ɗaya leburori ne suke jefa su a ramuka kafin taro ya watse, kuma da ledarsu suke binne su.

Cire leda yana son natsuwa. Sai ka tsaga ta, ka zare a hankali don kada ƙasar ta warwatse, ga shi kuwa ranar taro kowa sauri yake. Dashen da aka binne da leda yakan yi kore shar duk damina, ka rantse ya kama. Ashe saiwar tana ciki tana ta kewaya ta rasa hanyar fita. Ruwa na ɗaukewa sai ya bushe a tsaye. Kafin wata damina fili ya koma fayau, a sake kafa rumfa, a sake jawabin ɗumamar duniya. Shuka a idon makwarwa ke nan, shekara ashirin da ɗaya.

Na yi magana har bakina ya gaji. Na gaya wa Helma, shugaban leburori, ya ce shi umarni yake bi. Na je wurin Darakta, ya ce, "Baba, ke aikinki raino ne. Dashe kuma akwai masu shi."

Abin da ya kai ni bango, wata rana da zafin bazara na sauka a tasha, na ga wata mata mai tsohon ciki tana jiran mota. Duk tsawon titin nan babu inuwa sai ta falwayar lantarki, siririya kamar tsintsiya, ita kuwa ta manna jikinta da ita tana matsawa kaɗan-kaɗan duk inda inuwar ta juya. A daidai ƙafarta ga busasshen dashena na shekarar da ta wuce. Kunya ta kama ni kamar ni na hana ta inuwar, sannan haushi ya biyo baya.

Na sayi reza fakiti uku. Ana saura kwana uku taro na zauna a kan kujerata ta tsuguno, ina kifa kowace leda ina yanka mata gindi, tsaga biyu a gicciye. Ƙasar da danshi, saiwa kuma ta riƙe ta, don haka ko ƙwaya ba ta zube ba. Aka zo aka kwashe, aka binne su da leda kamar kullum, babu wanda ya leƙa ƙasansu.

Yayana shi ne direban tankar ruwa ta hukumar. Shi kaɗai na gaya wa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Ke dai tun kina yarinya ba ki da dama." Amma da rani ya shigo, duk ranar da ya dawo daga shayar da furannin ofis, sai ya bi ta titin tasha da ragowar ruwan, ya saki famfon baya, ya riƙa tafiyar hawainiya har ƙarshen tsirin.

Ɗari huɗu da goma sha biyu suka rayu. Na ƙirga su da hannuna, dalbejiya da maɗaci, waɗansu har sun wuce kaina. Inuwarsu ba ta fi faifai ba, amma mai facin tasha ya jawo bencinsa ƙarƙashin ɗaya, yana juye mata ruwan gwajin taya. Wata kurciya marar haƙuri ma har ta yi sheƙa a ta kusa da shataletale.

Da masinja ya ce Darakta yana nemana, wallahi sai da na canza mayafi, don na zaci yabo ne.

Na tarar da shi a tsaye a bakin taga, fanka tana kaɗa takardun teburinsa. Bai ce in zauna ba.

"Baba, me ya sami itatuwan titin tasha?"

"Lafiyarsu ƙalau, ranka ya daɗe."

"Ai ita ce matsalar. Saura kwana goma taro. A ina za mu dasa na bana?"

Na ɗauka wasa yake, sai na ga ko murmushi babu. Na ce ga bayan kasuwa, ga hanyar makarantar firamare, ga unguwar da ke gefen bola, duk babu ko kara. Ya ce can hanya ba ta da kyau, motocin baƙi ba za su shiga ba, kuma hoto ba ya fita a irin waɗannan wurare.

"Gobe Helma zai share wurin," ya ce. "Na kira ki ne don ki tabbatar ɗari shidan bana sun shirya."

"Ranka ya daɗe, rayayyu za a cire don a dasa masu mutuwa?"

"A rubuce yake cewa duk shekara muna dasa ɗari shida. Babu inda aka rubuta sai sun rayu."

Na juya na fita, don in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba na ofis ba ne.

Washegari da hantsi na riga su zuwa. Helma ya iso da leburori takwas, ko diga ba su ɗauko ba, don sun saba da hannu ɗaya ake fizge busasshen dashe ya fito da ledarsa. Na farko ya kama wata dalbejiya ya ja, ta ƙi. Ya tofa yawu a hannu ya sake ja. Biyu suka haɗu, ta lanƙwasa ta dawo ta tsaya. Mai faci yana kan bencinsa ya ce, "Ku ƙara mutum ɗaya mana, ko karin kumallo ne ba ku yi ba?"

Aka aro diga aka tona. Nan suka ga ledar ta zama zobe a wuyan itacen, saiwa kuwa ta bi ta tsagar ta nutse ƙasa, kaurinta ya kai babban yatsa. Helma ya tsuguna ya daɗe yana shafa tsagar. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Daidai nan motar Darakta ta tsaya.

Ya karɓi guntun ledar ya juya ta. "Wannan yankan reza ne. Wa ya yi?"

"Ni ce," na ce. "Duka ɗari shidan. Kwana uku na yi ina yi, har yanzu ga tabon a yatsana."

"Wa ya ba ki izini?"

"Wanda ya ba ku izinin binne su da rai."

Ya juya wurin Helma ya ce a kawo adduna a sare su daga tushe. Ni kuma na je na jingina bayana da dalbejiyar da suka tone, na gyara ɗaurin zanina.  Na riga na gama shawara, in za a sare ta sai dai a fara da ni.

"Baba, ki matsa, kada ki ja wa kanki."

"Na girme ka a wannan aiki da shekara goma sha biyar. Na raini dubu goma sha biyu kun kashe, ban tare muku hanya ba. Waɗannan kam ba ku isa ba."

Sai ga Yaya da tankarsa. Ya hau da ita gefen tsirin, ya gindaya ta tsakanin leburori da sahun itatuwan, ya kashe inji ya sauko yana dafe kai.

"Ranka ya daɗe, ta mutu. Ina jin batir ne."

"Ka tayar da ita ka matsa."

"Ai da tana jin magana da tuni na gaya mata."

Kafin ka ce kwabo mutanen tasha sun taru, masu jiran mota da masu tura baro da 'yan tireda, da yawa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Mai faci ya rungume tasa bishiyar ya ce shi dai wata tara yana ba ta ruwa, wanda zai sare ta ya fara nuna masa bokiti ɗaya da ya taɓa zuba mata. Darakta mutum ne mai son hoto, amma ba irin wannan ba. Ya sassauta murya, ya ce ai an yi masa mummunar fahimta, wurin kafa rumfa kawai za a gyara.

Gyaran ya ci bishiya arba'in. Sun dawo da asuba bayan kwana biyu, babu kowa, suka sare na tsakiyar tsirin, har da ta kurciyar. Da na zo na ga kututturan a jere, na zauna a bakin kwalta na yi kuka, ban damu da masu wucewa ba. A ranar aka miƙo mini takardar sallama, wai na lalata kayan hukuma, wato leda. Yaya kuma aka karɓe masa tanka aka mayar da shi gadin ƙofa. Na nemi kwana uku in tattara kayana in miƙa makulli, aka ba ni.

Aka yi taro. Babban baƙo ya yi jawabi a kan ɗumamar duniya. Ɗari shidan bana aka cusa su a guraben da suka rage, sauran aka jera su a gefen titi hagu da dama, da ledarsu kamar yadda aka saba. Na ji an ce Darakta ya umarci Helma ya duba gindin kowace leda kafin a loda, Helma kuma ya ce masa ya duba, lafiya lau.

Damina ta wuce, rani ya yi tsakiya. Ina tsakar gida ina ɗura ƙasa a gwangwanayen madara, don hannun da ya saba ba ya zama haka nan, sai na ji sallama. Helma ne. Na shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwa, ya yi ta murza hularsa.

"Uwar Dashe, kututturan nan arba'in duk sun tofo. Kowanne reshe huɗu, biyar."

"Ai saiwa tana ƙasa. Sama kawai kuka sara."

"Na bana ma sun ƙi mutuwa."

"Ikon Allah," na ce.

"Ikon Allah kam. Ni na loda su a mota, ɗaya bayan ɗaya. Kowace na ɗaga sai na ji tsaga a tafin hannuna." Ya kalli gwangwanayena. "Kwana ukun da kika nema na tattara kaya ne ko?"

"Kayan da yawa."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya ce an kawo sabuwar mai raino, yarinya ce mai hankali, amma Darakta ya sa mata ido sosai. Shi kuwa babu mai sa masa ido, kuma shi yake riƙe makullin rumfar raino ranar lodi. Ya miƙe ya saka takalmansa, har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Wace irin reza kike saya? Waccan mai baki biyu, ko ta aski?"

Na shiga ɗaki na ɗauko masa ragowar fakitin, na nuna masa yadda ake riƙe ta don kada ta ci yatsa.